Fuskar Mai Ba Da Labari: Tarke Kan Ra'ayoyin Masu Karatu Game Da Le Petit Prince Na Joann Sfar

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2008 kamfanin ɗab'i na Gallimard ya fitar da Le Petit Prince cikin wata sabuwar siga, wato labari cikin zane, abin da Faransawa ke kira bande dessinée. Joann Sfar ne ya yi zanen, Brigitte Findakly ta sa launi. A farkon 2009 littafin ya ci kyautar sashen yara a bikin Angoulême. Duk da haka bakin masu karatu bai zo ɗaya ba, a can Faransa da ma nan gida. Wasu sun yaba, wasu kuwa sun ce an ɓata musu littafin ƙuruciyarsu.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi diddigin wannan saɓani. Mun dogara ne da abin da muka ji daga bakin ɗalibanmu na babban digiri da abokan aiki, da kuma yaran gida waɗanda muka miƙa wa littafin. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, mafi ƙarfin ƙorafin da ake yi, ko da yake ana ɗora shi kan zane, tushensa yana cikin nahawu, musamman a wakilin suna.

2.0 Littafin Asali Da Sabuwar Sigarsa

Antoine de Saint-Exupéry ya fara wallafa littafinsa a Amurka cikin Afrilu 1943, da Faransanci da Ingilishi. Bai fito a Faransa ba sai 1946, bayan marubucin ya ɓace da jirginsa ranar 31 ga Yuli 1944. Labarin mai babi 27 na wani matuƙin jirgin sama ne da jirginsa ya lalace a Sahara, ya gamu da wani yaro da ya zo daga wata ƙaramar duniya. Shi kansa marubucin ya taɓa faɗuwa a hamadar Libiya a ƙarshen Disamba 1935, shi da makanikensa André Prévot.

Abin lura a nan shi ne littafin asali ma yana da zane, na hannun marubucin. Ke nan Sfar bai tarar da fili ba kowa. Ya riƙe mafi yawan kalmomin asali, ya raba kowane shafi gurbi shida daidai wa daida, amma ya ƙi kwaikwayon zanen marubucin. Ya ba yaron manyan idanu, ya kuma zana matuƙin jirgin da kamannin Saint-Exupéry.

3.0 Rabe-raben Ra'ayoyi

Ra'ayoyin da muka ji sun kasu gida uku.

Na farko ya shafi kamannin yaron. Waɗanda suka karanta littafin tun suna lakwal sun ce idanun sun yi girma, fuskar kuma ba ta da taushin da suka sani. Wannan hukunci ne na sabo. Mai yin sa yana gwada zanen Sfar da hoton da ya riga ya zauna masa a rai, kuma sabo, in ji Hausawa, turken wawa. Shaidar haka ita ce yaran da ba su taɓa ganin zanen asali ba, ko ɗaya bai tsaya kan idanun ba. Abin da ya dami wata yarinya dabam ne. Tambaya ta yi: «Baba, don me yake tuge ƴaƴan kuka? Da me za su yi miya?» Wato ita ta riga ta shiga cikin labarin tana jayayya da shi, alhali manya suna bakin ƙofa suna duba fenti.

Na biyu ra'ayi ne na tarbiyya. Wasu malamai suna ganin labari cikin zane karatun raggaye ne, zai hana yaro komawa ga asali. Wannan tsohon zargi ne da ake yi wa wannan fanni gaba ɗaya, kuma bai kama Sfar sosai ba, tun da yake yaron da ya kai ƙarshen littafin ya bi ta kan jumlolin marubucin masu yawa.

Na uku shi ne wanda ya cancanci nazari. Wani ɗalibi ya faɗe shi kamar haka: «Malam, da ni ne nake cikin hamadar. Yanzu kuwa wani ƙato nake kallo a cikinta.» Bai ce zanen ba shi da kyau ba. Cewa ya yi an tashe shi daga mazauninsa.

4.0 Daga «Ni» Zuwa «Shi»

Roman Jakobson, a 1959, ya kasa fassara gida uku: cikin harshe guda, tsakanin harsuna biyu, da kuma daga harshe zuwa wani tsarin alamu, kamar zane ko kiɗa. Aikin Sfar na cikin kashi na uku. Kamar kowace fassara, akwai abin da tsarin da aka koma yake tilasta wa mai fassara ya bayyana, ko da asali ya yi shiru a kansa.

Emile Benveniste ya nuna cewa wakilan suna je da tu, wato «ni» da «kai», alamu ne marasa tabbataccen mai su. Duk wanda ya buɗe baki ya ce «ni», shi ne «ni» a wannan lokaci. Amma il, wato «shi», yana nuni ne ga wanda ake magana a kansa, wanda ke wajen zancen. To, Le Petit Prince da «ni» aka ba da shi daga farko har ƙarshe. Bugu da ƙari, a cikin zanen da aka buga tare da littafin, marubucin ya zana yaron da sarki da mashayi da mai kunna fitila da yanyawa, amma bai zana matuƙin jirgin ba. A cikin rubutun hannu da ke ɗakin karatu na Morgan a Amurka akwai zanen matuƙin, wanda aka bari bai shiga bugu ba. Saboda haka rashin fuskar zaɓi ne. Gurbin «ni» an bar shi a buɗe, mai karatu ya shiga ya zauna.

Wannan ya dace da jigon littafin. Tun a shafukan farko manya suka ɗauki zanen mesa da ta haɗiye giwa a matsayin malafa. Daga baya, da yaron ya ƙi duk tumakin da aka zana masa, sai ya gamsu da zanen akwati, bisa cewa tunkiyar tana ciki. Littafi ne da ke koya wa mai karatu ya cika gurbi da kansa.

Labari cikin zane kuwa yana da wahala ya bar gurbin. Da zarar an sa mutum biyu suna hira a cikin gurbi shida, shafi bayan shafi, sai a nuna jikin mai magana. Rubutun da ke saman gurbi yana cewa je, hoton da ke ƙasa yana cewa il. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a nan karin maganar ta tabbata ta hanyar da ba a zata ba: hoton ya rinjayi wakilin sunan. Abin da ɗalibinmu ya ji a jikinsa ke nan.

Sai dai adalci ya sa mu faɗi ribar da aka samu. Da Sfar ya ba matuƙin jiki, sai dangantakarsa da yaron ta fito fili. Ana ganin babban mutum yana ɗauke da yaro mai barci a hanyar rijiya, ana ganin fuskarsa sa'ad da rabuwa ta matso. Littafin asali labarin kewa ne da ake bayarwa shekara shida bayan aukuwarsa. Na Sfar ya fi kama da labarin uba da ɗa da ke faruwa a gaban ido. Mun lura abokan aikinmu masu ƴaƴa ƙanana su suka fi karɓarsa. A ganinmu littafi ne mai kyau, amma wani littafi ne dabam, kuma kuskuren ɓangarorin biyu shi ne auna shi da mudun «riƙon amana» kaɗai.

5.0 Abin Da Ya Shafe Mu

Tun daga makarantar gwaji ta farko da aka buɗe a Damagaram a 1973, buƙatar littattafan yara cikin harsunan ƙasa ba ta gushe ba, kuma tatsuniya ita ce rumbun da aka fi ɗiba. Matsalar da muka gani tana jiran duk wanda zai mai da tatsuniya zane, har ma ta fi tsanani.

Hausa tana da an, aka, ana, a, waɗanda ke sakaya mai aikatawa. In mai tatsuniya ta ce «da dare ya yi sai aka ɗauke akuyar», jumlar ta cika, ɓarawon kuwa ba a san shi ba. Mai zane dole ya yanke shawara: ko ya nuna hannun da ya kwance igiya, ya tona asirin da aka ɓoye, ko ya nuna turke ba akuya. Haka nan Dodo. Kowane yaro da ya saurari tatsuniya a duhu yana da nasa Dodon, daidai gwargwadon tsoronsa. Ranar da aka buga shi a littafin aji, yaran ajin duka sun koma masu Dodo guda.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa a cikin ra'ayoyi ukun, na farko na sabo ne, na biyu ya shafi fannin baki ɗaya, na ukun ne ya taɓa aikin Sfar kansa, kuma ana iya bayaninsa da kayan aikin ilimin harshe. Shawararmu ga masu shirya littattafan yara ita ce, kafin a miƙa wa mai zane tatsuniya, a zauna da shi a bi matanin jumla jumla, a ja layi ƙarƙashin kowane aka da kowane abin da aka ambata ba a siffanta ba, a tambaya: wannan a nuna shi, ko a bar wa yaro? Haka kuma in za a gwada littafin, a fara da yaran da ba su san asalin ba, sannan a ji ta bakin manya, a kuma rubuta amsoshin kowane rukuni dabam, domin ba tambaya guda suke amsawa ba.