Jinjina ga Samarin Mazarƙwaila

A Gazara, kamar sauran ƙasar Makarfi, rake ne ke riƙe da gidaje da yawa. A da, manomi zai sare, ya ɗaure dami, ya kai kasuwa, ya tsaya jiran farashin da dillali zai yanka masa. Mai mazarƙwaila ya fi shan wuya: ya matse raken, ya wuni gaban wuta yana juya ruwan har ya yi kauri, ya zuba a kwanoni ya daskare, sannan wani can a Kano ko Zariya ya kwashe ribar.

Shi ya sa nake jinjina wa samarin da suka mai da waya rumfa. Yaro zai ɗauki hoton mazarƙwailar babansa tun tana tururi, ya saka a WhatsApp ko Facebook, a yi ciniki da murya, don ba kowa ke son rubutu ba. Kuɗi su shigo ta OPay ko Moniepoint, kaya su bi direban tasha. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ne ya koya wa dattawa da dama yarda da tiransifa, ba don suna so ba.

Aikin ba sauƙi. Sabis yana yankewa, caji sai an biya, ga 'yan damfara masu turo alat na bogi. Duk da haka, yanzu manoman tumatir da barkono na Ikara da Hunkuyi su ma sukan ji farashin Legas ta waya kafin su loda mota.