Jinjina ga Masu Tsaron Furannin Kwarin Antelope

Daga tsakiyar Fabrairu zuwa Mayu, in an samu ruwan sama da hunturu, tuddan Kwarin Antelope da ke gefen Hamadar Mojave a jihar Kalifoniya ta Amurka sukan rine da ruwan goro saboda furen poppy, wanda tun 1903 shi ne furen jihar. Jama'a kan yi tururuwa su bi turbobin ƙafa masu tsawon kusan kilomita 13 a gandun furannin da ke wurin, amma kaɗan ne ke lura da masu gadin gandun da 'yan sa-kai.

Su ne ke yini cikin iska mai fizge hula, suna roƙon baƙi kada su ratse daga turba don ɗaukar hoto. Suna da hujja: ƙasar da aka tattake takan daɗe ba ta farfaɗo ba. Su ne ke jan kunnen yara kan macizai, su shaida wa mai sammako cewa furen yakan tsuke bakinsa cikin sanyi, don haka ya dakata har hantsi ya dubi ludayi. Ba sa shuka, ba sa ban-ruwa. Nasu kawai su kare furen daga hannu da ƙafa, kuma wannan aiki sai mai haƙuri. Allah ya saka musu da alheri.