Kurakuran bugu a cikin kundin harshen C: nauyinsu ba ɗaya ba ne

Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1970, yana da kundin ƙa'idoji da hukumar ISO ke bugawa tun 1990. Shi ne madogarar masu ƙera mafassari, wato manhajar da ke juya rubutun mutum zuwa umurnin da kwamfuta ke ganewa. A ganinmu, kurakuran bugunsa, abin da Faransawa ke kira coquilles, iri biyu ne, kuma ba a rarrabe su yadda ya kamata.

Misali na farko: daftarin N1256 na 2007 ya fito da «Septermber» a saman shafukansa. Wannan bai ɓad da kowa ba, domin harshen ɗan Adam yana da rarar bayani. Mai karatun Hausa ma yana gane ƙafa ko da an bar lanƙwasar ƙ, muddin jimla tana maganar takalmi.

Misali na biyu: a bugun 2011, wurin lambar da mafassari zai bayyana sigar harshen da yake bi, an bar «201ymmL», gurbin da ba a cike ba. Sai a 2012 takardar gyara ta sa 201112L. A nan ƙa'idar ce kanta ta gurgunce: mutum na iya cinkar lambar, amma ba a gina mafassari bisa cinke. Haka alamomin = da ==. Ta farko tana ba da ƙima, ta biyu tana kwatantawa, kuma mafassari na karɓar kowace a cikin sharaɗi, iyaka ya yi gargaɗi. In misali ya fito da wannan kuskure, ɗalibi zai kwafe shi a matsayin doka.

Sukarmu ga tsarin gyaran ita ce: gyare-gyaren sun riƙa fitowa a takardu dabam (1994 da 1996 ga bugun 1990, 2001, 2004 da 2007 ga na 1999), sai mai karatu ya bi su ya cusa da hannunsa. Mai riƙe da tsohon kofi bai san an gyara ba.

Shawararmu biyu ce. A nuna nauyin kowane gyara, na harafi ne ko na ƙa'ida. Sannan a gwada kowane misali da mafassari kafin bugu, kamar yadda masu harshen Rust ke yi wa misalan bayanan ɗakunan manhajarsu.