Taiki ne, ba taki ba

Ina duba jarrabawar ɗalibaina a Gezawa, sai ga da yawa sun rubuta "an bar jaki ana dukan taki." Kuskure ne. Taiki ake cewa, wato babbar jakar fata da fatake ke zuba hatsi su ɗora wa jaki. Taki kuwa a mangala ake kai shi gona. Shi yaranmu suka saba gani, shi ya sa suka musanya.

Asalin maganar: jaki ya ƙi tafiya, mai shi ya huce haushi kan kaya. An ƙyale mai laifi, an hukunta marar laifi ke nan.

Malamai, mu riƙa bayyana kalmar kafin ta ɓace. A garinku har yanzu ana ganin taiki?