Sai Annoba Ta Ɓarke Muke Tuna Masu Bin Sawunta

A watan Afrilun 2020, mutum na farko da aka tabbatar korona ta kashe a Jihar Katsina likita ne a Daura. Cikin 'yan kwanaki aka kulle garin, jami'ai suka shiga neman duk wanda ya yi hulɗa da shi. Da yawanmu a lokacin ne muka fara jin akwai masana yaɗuwar cututtuka. To, nan matsalar take.

Likita yana duba mutum ɗaya ne. Masanin yaɗuwar cuta kuwa gari yake dubawa: su wa suka kamu, a wace unguwa, yaushe, me ya haɗa su? Da irin waɗannan tambayoyi John Snow ya gano famfon da ke yaɗa kwalara a Landan a 1854.

A tsari, kowace ƙaramar hukuma, har da biyar ɗin masarautar Daura (Daura, Baure, Zango, Sandamu, Mai'aduwa), tana da jami'in sa ido kan cututtuka, mai tura rahoto zuwa jiha, daga nan zuwa hukumar NCDC a Abuja. Amma rahoton yawanci daga rajistar asibiti yake fitowa. Yaron da ke amai da gudawa a ƙauye fa? Kemis ake fara kai shi, ko wajen mai maganin gargajiya. Kafin sunansa ya shiga rajista, rijiyar unguwa ta riga ta gurɓace.

Ga kuma iyaka. Kasuwar Mai'aduwa cike take da mutanen Nijar, sanƙarau da ƙyanda kuwa ba sa tsayawa a Kongolam a duba musu takarda.

Abin takaicin shi ne mun san yadda ake yi. A yaƙin shan inna, masu unguwanni da masu ɗori da ungozomomi ne ke kai labarin duk yaron da ƙafarsa ta shanye farat ɗaya, har aka tabbatar a 2020 cewa ƙwayar cutar ta asali ta ƙare a Najeriya. Me ya hana a yi wa kwalara da mashaƙo haka?

Kuma alƙaluman su riƙa dawowa gida. Hakimi da dagaci sun cancanci sanin unguwar da gudawa ta yawaita a wannan makon, tun ana iya gyara rijiya, ba sai an kai ga rufe gari ba.