Zaɓen Kalma da Zargin Son Kai: Nazarin Hausar Labaran Siyasa da Yaƙi a Tsohuwar Jihar Borno, 1979-1983

1.0 Gabatarwa

A zaɓen 1979 jam'iyyar NPN ta kafa gwamnatin tarayya a ƙarƙashin Alhaji Shehu Shagari, amma ta sha kaye a Jihar Borno, inda Muhammadu Goni na GNPP ya zama gwamna. A lokacin Nguru da Gashuwa suna cikin Borno, domin sai a 1991 aka ƙirƙiro Jihar Yobe. Daga nan kowane ɓangare ya shiga kuka da kafafen watsa labarai. 'Yan NPN na jihar suna ganin rediyon Maiduguri kakakin gwamna ne, 'yan GNPP kuma suna ganin Rediyon Tarayya na Kaduna kakakin NPN ne. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa son kan da ake zargi yakan shiga labari ta hanyar zaɓen kalma, ko da mai fassara bai yi ƙarya ba.

2.0 Sunan da ake ba masu ra'ayin

NPN ita ce ake ɗauka magajiyar NPC, wato jam'iyyar masu son a riƙe tsarin da aka gada. Hausar labarai tana da sunaye biyu ga irin wannan ra'ayi: "ra'ayin mazan jiya" da "ra'ayin riƙau". Ba ɗaya suke ba. "Mazan jiya" kirari ne na jarumawan da suka ga yaƙi, kuma da shi ake kiran tsofaffin sojoji, saboda haka yana ɗauke da yabo. "Riƙau" kuwa daga "riƙe" ya fito, kuma kunnen Bahaushe yana jin taurin kai a cikinsa. Ke nan mai fassara ya riga ya yanke hukunci tun kafin ya kai ga aikatau.

3.0 Misalai biyu

A watan Janairu 1980 hukumomin tarayya suka fitar da Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye na majalisar dokokin Borno, zuwa Cadi bisa da'awar cewa ba ɗan Nijeriya ba ne. Dubi waɗannan jumloli da muka gina don gwaji:

(1a) An mayar da shi ƙasarsa.
(1b) An kore shi daga ƙasarsa.

Aikatau "mayar" yana ɗauka cewa can ne asalinsa, alhali wannan shi ne abin da ake jayayya a kai. A (1a) "ƙasarsa" Cadi ce, a (1b) kuwa Nijeriya ce. Babbar kotun Maiduguri ta yanke hukunci a wannan shekarar cewa ɗan ƙasa ne, wato (1a) ta faɗi a gaban shari'a.

Misali na biyu shi ne faɗan 1983 a kan tsibiran Tafkin Cadi, inda dakarun runduna ta uku ta Jos a ƙarƙashin Manjo Janar Muhammadu Buhari suka kori sojojin Cadi har suka tsallaka iyaka.

(2a) An yi rikicin kan iyaka.
(2b) An mamaye ƙasarmu.

"Rikici" abu ne da ake sasantawa a zaure, don haka (2a) ta dace da gwamnatin da ke neman sulhu. "Mamaya" kuwa ramuwa take kira. A nan abin lura shi ne, waɗanda ake wa laƙabi da "mazan jiya" su ne suka fi karkata ga sasantawa, ashe sunan ya yi musu alkawarin da manufarsu ba ta ɗauka ba.

4.0 Muhimmancin Nguru da Gashuwa

Nguru, inda layin dogo daga Kano ya tuƙe, da Gashuwa, mazaunin Sarkin Bade, garuruwa ne da Hausa ta zama harshen kasuwa tsakanin Mangawa da Badawa da Fulani da Hausawa. Bakano zai iya jin habaicin da ke cikin "riƙau" ya yi murmushi. Wanda ya koyi kalmar daga rediyo kuwa zai iya ɗauka cewa sunan abin ke nan, ba shi da wani. Nauyin da ke kan mai fassara a irin waɗannan wurare ya fi na ko'ina.

5.0 Kammalawa

Kukan wanda ya faɗi zaɓe ba duka ne banza ba, amma sai an auna shi da abin da ya yi ranar da makirufo ya dawo hannunsa, kamar yadda ya dawo wa NPN a Borno bayan nasarar Asheik Jarma a 1983. Shawararmu ga masu koyar da fassara ita ce su riƙa sa ɗalibi ya kawo kalmomi biyu ko uku ga kowane sunan ra'ayi da kowane aikatau na yaƙi, sannan ya faɗi wanda kowacce take yi wa aiki, kafin ya zaɓi ɗaya.