Masu Nazarinmu Daga Nesa

A shekarar 1855 wani yaro Bahaushe ya sauka Ingila tare da Heinrich Barth, Bajamushen nan matafiyi da mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim. Sunan yaron Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, wanda aka kama bauta tun yana ƙarami kafin a 'yanta shi. A can ya faɗa hannun wani ɗan mishan, J. F. Schön. Dorugu na magana, Schön na rubutawa: labarin rayuwarsa, tatsuniyoyi, da abin da idonsa ya gane masa a ƙasar Turawa. Da littafin Magana Hausa ya fito a 1885, sunan Schön ne a bango. Dorugu ya dawo gida, ya yi aiki a makarantar Ɗan Hausa da ke Nassarawa, ya rasu a Kano a 1912. Sai a 1971 Kirk-Greene da Paul Newman suka sake fitar da labarin a matsayin nasa.

Na fara da Dorugu ne don kusan duk abin da zan faɗa game da wannan fanni yana cikin labarinsa. Fannin shi ne abin da jami'o'in Turai da Amurka ke kira nazarin yanki. Jami'a za ta ware wani sashe na duniya, Afirka ko Gabas ta Tsakiya ko Kudancin Asiya, ta tara masa masana harshe da tarihi da addini da kiɗa a ƙarƙashin rufi ɗaya, ta samar da kuɗin tura ɗalibai su je su zauna da mutanen wurin, wani lokaci ta gayyaci marubuta da masu zane daga yankin su zo su yi 'yan watanni. Mu Hausawa mun daɗe muna cikin waɗanda ake nazarta, saboda haka muna da bakin magana a kan yadda ake yin abin.

Ruwa ba ya tsami banza. A 1887 Jamus ta buɗe makarantar harsunan Gabas a Balin, bayan 'yan shekaru kaɗan da taron da aka yi a birnin don raba Afirka, kuma Hausa na cikin harsunan da aka riƙa koyarwa a wurin daga baya. Makarantar da ake kira SOAS a Landan an kafa ta a 1916, aka ƙara mata sunan Afirka a 1938, kuma babban aikinta na farko shi ne shirya ma'aikatan daula: Di'o da Razdan da hafsan soja da za su zo su yi mulki ba tare da tafinta ya juya su ba. A Amurka labarin ya ɗan bambanta amma tushen ɗaya ne. Melville Herskovits ya buɗe shirin nazarin Afirka a Jami'ar Northwestern a 1948, sai dai kuɗin gaske bai zubo ba sai da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na farko a 1957. Shekara guda bayan haka majalisar Amurka ta yi dokar ilimi don tsaron ƙasa, kuma a ƙarƙashinta ne aka fara biyan ɗalibai su koyi harsuna irin su Hausa da Swahili. A lura da kalmar tsaro a sunan dokar. Ba don daɗin Hausa aka buɗe lalitar ba.

Hatta ɓangaren fasaha bai tsira ba. Ƙungiyar Mbari da aka kafa a Ibadan a 1961, inda su Wole Soyinka da Chinua Achebe suka yi ta haɗuwa, da taron marubutan Afirka na Makerere a 1962, duk sun sami tallafi daga wata ƙungiyar raya al'adu mai mazauni a Paris. A wajejen 1967 asiri ya tonu cewa hukumar leƙen asirin Amurka ce ke zuba wa ƙungiyar kuɗi ta bayan fage. Yawancin marubutan ba su da masaniya, kuma abin da suka rubuta bai zama ƙarya don haka ba. Amma kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, ko da kuwa bai san ladan na kuturu ba ne: mai ba da kuɗi shi ke zaɓen wanda za a gayyata da wanda za a bari a gida.

A nan ne nake rabuwa da wasu abokaina da ke ganin a tattara aikin gaba ɗaya a zuba a shara. Duk wanda ya taɓa ɗaga ƙamus ɗin Bargery na 1934, mai shafi sama da 1,200, ya san ba aikin wasa ba ne. Akwai sunayen ciyayi da kayan saƙa da cututtukan doki a ciki waɗanda yau sai ka zaga ƙauyuka kafin ka sami mai tuna su. Murray Last ya zauna a Sakkwato gaban Waziri Junaidu kamar kowane almajiri, ya karanta takardun gidan da Larabci, kuma digirin nasa a Ibadan ya yi shi, kafin littafinsa kan Daular Usmaniyya ya fito a 1967. Jean Boyd da Beverly Mack sun tattara rubuce-rubucen Nana Asma'u a 1997. A Jami'ar Warsaw ta Polan, Stanisław Piłaszewicz ya shafe shekaru a kan ajamin Alhaji Umaru, Bakanon da ya zauna Salaga ya rasu a Kete-Krachi ta ƙasar Gana a 1934. Nahawun Newman ya fito a 2000, na Philip Jaggar a 2001, kuma ban san malamin Hausa na jami'a da zai rantse bai taɓa leƙa su ba. Niyyar gwamnati daban, abin da mutum ya yi da shekarunsa daban.

Aibin da nake gani yana wani wuri, kuma ya fi wuyar magani domin ba ya buƙatar mugun nufi. Na taɓa yi wa wata baƙuwa ɗan rakiya na wata huɗu tana bincike kan matan aure masu sana'a a cikin gida. Mutuniyar kirki ce, ta iya gaisuwa, tana durƙusa wa tsofaffi. Ni da ƙanwata ne muka nemo gidajen, ƙanwata ce ke shiga ciki, ni ke zama da rakoda da daddare ina juya maganar zuwa takarda. Wata rana wata dattijuwa mai ƙuli-ƙuli ta ce, ai ita ribarta “ta gidan biki ce”. Baƙuwar ta rubuta cewa matar na kashe ribarta a shagali. Sai da ƙanwata ta zaunar da ita ta warware mata biki: abin da ka kai wa wata ranar sunan ɗanta yana nan a rubuce a ka, zai dawo maka da ƙari ranar taka hidimar. Ajiya ce, ba ɓarna ba. Wannan bayanin ya zama babi guda a littafin. Sunan ƙanwata yana shafin godiya, tsakanin direba da mai gidan haya. Littafin kuwa da na tambayi kuɗinsa, ya fi albashina na wata a lokacin, kuma har yau ban gan shi a kantin kowa a Kano ba.

Tsarin ne ke haifar da haka. Tallafin bincike yana bin mai neman digiri a jami'ar da ta ba da kuɗin. Shi za a auna, shi za a ɗauka aiki, don haka sunansa ne zai hau bango. Mai ɗaki, wanda ya san inda yake masa yoyo, sai ya zama “majiya”. Guraben da ake ware wa malamanmu su je can su yi wata shida suna da amfani, ba na musu, domin mutum zai sami wuta da laburare da hutu daga ajin ɗalibi ɗari biyar. Amma takardar neman gurbin tana koya maka abin da za ka tambaya. Shekarar da masu kuɗi ke son jin batun shari'a, kowa sai ya zama masanin shari'a; da aka koma kan ta'addanci, aka bi. Mai son nazarin karin harshen Gobir ko waƙoƙin niƙa sai ya jira.

Ba yau aka fara wannan ƙorafi ba. Kwame Nkrumah ya yi shi a 1963 lokacin buɗe cibiyar nazarin Afirka ta Legon. A taron ƙungiyar masana Afirka ta Amurka a Montreal a 1969, baƙar fata suka tsayar da zaman suna tambayar dalilin da ya sa Turawa ne ke riƙe da ragamar nazarin nahiyarsu. An kafa CODESRIA a Dakar a 1973 don masanan Afirka su riƙa tsara tambayoyinsu da kansu. Mu ma a nan an yi yunƙuri: Abdullahi Smith ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, Hausa zuwa Hausa, shekara 72 bayan Bargery. Wannan tazarar ba laifin Bature ba ce. Attajiranmu sun iya gina masallaci da ɗaukar nauyin gasar ƙwallo, amma kujerar farfesa ko tallafin shekara guda ga mai tattara waƙoƙin Narambaɗa bai shiga lissafinsu ba tukuna.

Yanzu ma kuɗin can ɗin yana ja da baya, sassan harsunan Afirka a Turai suna ƙanƙancewa, tsofaffin malaman Hausa suna ritaya ba a maye gurbinsu. Kafin sauran su tafi, roƙona ga jami'o'inmu na Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai ƙarami ne. Duk baƙon da ya zo neman takardar izinin bincike, a karɓe shi hannu bibbiyu, amma a sa masa sharaɗi a rubuce: ya bar kwafin faifan hirarrakinsa a laburarenmu, ya kawo taƙaitaccen sakamakon da Hausa, kuma wanda ya yi masa rabin aikin a sa sunansa a inda ake sa sunan marubuta.